Yadda ake dasa harsashin gini a ƙasar dusar ƙanƙara, bayani daga cikin zafin Sakkwato

Jama'a sallama. Ɗan yayana da ke karatun gine-gine a poli ne ya same ni ƙofar gida nan Mabera bayan la'asar, wai an ba su aikin rubutu kan yadda ake gini a ƙurewar duniya inda dusar ƙanƙara ke binne gidaje, ya ce Baffa mi ya haɗa mu da wannan don Allah, mu da ƙanƙara sai ta cikin firiza in an samu wuta. Na yi dariya, don lokacin ma zufa nake sharcewa da gefen rawani. Amma da munka zauna na fara warware mai sai na ga ashe rabin abin mun san shi tun muna yara, rumbu da darni da mai sai da ƙanƙara lokacin azumi duk sun riga sun koya muna. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi daki-daki kamar yadda zan bi in ni anka ba kwangilar, ko da wani ɗalibi ko magini zai amfana.

Kafin komai ka san abin tsoro biyu ne can. Daga sama iska na kwaso dusa tana jibgewa jikin gini har ta rufe shi. Daga ƙasa kuma abin da ka ɗora ginin kansa daskararre ne, in ɗumin gidanka ya taɓa shi sai ya narke ya sulale da kai. Duk matakan da za su biyo baya waɗanga biyun suke yaƙa.

Matakin farko, gano kan mi za ka tsaya. Mu nan in ka haƙa ko ka samu marmara ko jigawa ko laka irin ta fadamar Rima, kowace da irin fandishon da ta ke so. Can ma kashi uku ne. Akwai dutse, wanda shi ne sa'a, in ka samu kan dutse ya leƙo daga cikin ƙanƙara to kama shi da hannu biyu. Haka Afirka ta Kudu ta yi, bayan tashoshinta na bincike na baya a Antatika, nahiyar ƙanƙara ta ƙurewar kudu, sun nutse cikin dusa sai ta koma kan wani dutse ta gina SANAE IV anka gama 1997, Beljiyam ma tasharta ta 2009 kan dutse ta ke, an huda shi an dasa ƙarafa. Na biyu daskararriyar ƙasa, wato ƙasa ce da yashi da tsakuwa amma ruwan cikinta ya daskare, kuma ba a kiranta da wanga suna sai ta yi aƙalla shekara 2 a jere ba ta narke ba. Ita ce ta cika Saberiya da Alaska da arewacin Kanada, kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Rasha haka ta ke. Na uku shi ne mai ban tsoro, ba ƙasa ba dutse, dusa ce kan dusa kan ƙanƙara, a tsakiyar Antatika kaurinta ya fi kilomita 2, kuma tafiya ta ke a hankali. Tashar Amurka da ke daidai ƙurewar kudu tana gusawa kamar mita 10 duk shekara tare da ƙanƙarar da ta ke kai. Ka ji fili mai tafiya, ina mai safiyo zai kafa siminti na iyaka.

In daskararriyar ƙasa ce dole a yi burtsatse na gwaji a ciro samfuri yana daskare, a duba nawa ne ƙasa nawa ne ƙanƙara cikinsa. Tsakuwa mai ƙanƙara kaɗan ko ta narke ba ta sauka sosai, amma laka mai cike da ƙanƙara in ta narke kunu ta ke komawa. A zura ma'aunin zafi cikin ramin a bar shi shekara guda cur. A kuma auna gishiri, don kusa da teku ruwan ƙasar na da gishiri kuma bai daskarewa da ƙarfi, fila, wato ginshiƙin da anka kafa cikin ƙasa, na iya nutsewa a hankali alhali ma'auni na nuna ƙasa da sifili.

Mataki na biyu, kuma nan zan daɗe don nan ne mutane ke faɗuwa, shi ne karanta iska. Yawancin dusar da ke binne gini ba daga sama ta sauko kansa ba, iska ce ta sharo ta daga fili mai nisa. Tsakiyar Antatika ma hamada ce, abin da ke taruwa a ƙurewar kudu bai wuce kamar santimita 20 a shekara ba, amma ba ya narkewa, kuma fili ne fetal ba icce ba tudu, to duk abin da ka kafa shi ne zai zama matattara. Dusa sabuwa na fara motsi in iska ta kai wajen mita 5 a daƙiƙa, wato kilomita 18 a awa, gudun mai keke ke nan. Tafiyarta iri uku, wata na gangarawa bisa ƙasa, wata na tsalle-tsalle kamar fara ba ta wuce tsayin gwiwa, wata kuma mai laushi na tashi sama ta zama kamar hazon hunturu. Wanda ya fara tsara lissafin wanga tsalle wani sojan Ingila ne, Ralph Bagnold, kuma da rairayin hamadar Libiya ya yi bincikensa ya fitar 1941, daga baya masu dusar ƙanƙara sunka ara. Kun ga ke nan ilimin daga wajenmu ya tafi can. Abin da ya kamata ka riƙe daga lissafin, in gudun iska ya ninka sau 2 kayan da ta ke ɗauka na ninkawa wajen sau 8, saboda haka guguwa biyu ko uku a shekara su ne ke yin aikin, iskar kullum ba ta da wani laifi sosai. Kada ka tsara gini da matsakaicin gudun iska, nemo ta inda manyan ke bugowa.

Ƙa'idar tarin kuwa mai sauƙi ce. Inda iska ta yi sauri tana kwashewa, inda ta rage gudu tana sauke kaya. Na taɓa duba wani aji a ƙauye can wajen Illela, an ja katanga doguwa ta bulo a gefen da iska ke fitowa wai don ta kare makarantar, cikin shekaru kaɗan rairayi ya hau bayan katangar ya kwanto ciki har ya kai gindin taga, yara na hawa kai suna leƙen aji, amma a kusurwar ginin ƙasa ta zaizaye har fandisho ya fito fili kana ganin layin bulo na farko. Wannan hoton shi ne daidai abin da dusa ke yi. Gaban gini tudu na tashi da ɗan rami tsakaninsa da bango, kusurwoyi a kwashe, bayan gini kuma wutsiya doguwa wadda ke iya ninka tsayin ginin sau da yawa. Bambancin kawai, dusa in ta kwana biyu ƙwayoyinta na manne wa juna ta yi tauri har sai an sa zarto ko katafila, rairayi kuwa ko bayan shekara shebur na ɗibarsa.

Yi lissafin nauyi tun yanzu. Sabuwar dusa mita ɗaya ta kowane gefe wajen kilo 100 ce, wadda iska ta daddaƙe kuma tana kai 300 zuwa 400. To in tari mai tsayin mita 2 ya kwanta kan ƙaramin rufi, kowane murabba'in mita na ɗauke da kilo 800, buhun siminti 16 ke nan a wurin da bai fi shimfiɗar sallaya ba. Shi ya sa ba a son rufi hawa-hawa, na ƙasa shi ke cin duka.

Mataki na uku, zaɓi: binne ginin za ka yi, ko ajiye shi bisa ƙasa, ko ɗaga shi. Tarihi ya riga ya amsa. Birtaniya ta kafa tashar Halley a Antatika 1956 a wurin da dusa ke ƙaruwa fiye da mita 1 duk shekara. Ta farko ɗakunan katako ne, sunka nutse. Ta uku anka sa ɗakunan cikin manyan bututan ƙarfe 1973 don su jure binnewa, ta huɗu cikin bututan katako, duka dusa ta murƙushe su, cikin wajen shekara 10 an bar kowace, mutane na sauka gidansu da tsani kamar masu shiga rijiya. Amurka ma ta haƙa sansani cikin ƙanƙarar Girinlan 1959, bangayen ramukan sunka dinga matsowa suna matsewa har anka watsar da shi 1967. Sai Halley ta biyar anka ɗora kan ƙafafun ƙarfe da ake ɗagawa, ta shida kuma wadda anka buɗe 2013 ɗakuna 8 ne a jere kowane kan ƙafafu masu jak irin na tifa, ƙarƙashin kowace ƙafa da dogon faranti na zamiya. Ranar amfanin farantin ta zo, tsaga ta buɗe cikin ƙanƙarar, tsakanin 2016 da 2017 anka ja tashar gaba ɗaya da taraktoci kilomita 23 zuwa wuri mai aminci. Ni dai a ra'ayina duk ginin da za a zauna ciki fiye da shekara biyu, ɗagawa ce kawai magana. Binnewa a bar wa sito da tankin mai da garejin da ba a hura mai wuta.

Na ce ma yaron tashi mu leƙa rumbun maƙwabcinmu. Kan duwatsu ya ke zaune, iska na ratsawa ƙarƙashi, damshi da gara ba su kai ga hatsi, kaji na kwana a inuwar. To wannan shi ne ginin ƙurewar duniya, sai dai an ƙara tsayin ƙafa.

Mataki na huɗu, tsayin ƙafa da siffar jiki. A garuruwan arewa inda dusa ke narkewa da bazararsu, tazarar mita 1 ko fiye tsakanin ƙasa da cikin gini na isa. Inda ba ta narkewa kuwa ana kai mita 3 zuwa 6, tashar Jamus Neumayer III da anka buɗe 2009 mita 6 ta ke sama da dusa. Cikin ginin ta ƙasa ya zama sumul, kada ka rataya bututu da waya da kwalaye, kowane ɗan ƙullutu na rage gudun iska kuma ka san abin da ke biyo baya. Tashar Amurka ta yanzu, wadda anka ƙaddamar 2008 kan ginshiƙai 36, an sassaƙe gefenta na ƙasa da ke fuskantar iska kamar fiffiken jirgin sama, iska na matsewa ta shige da ƙarfi ta share ƙarƙashin da kanta. Ka lura, wannan bai hana tari ba, yana tura shi ne can baya nesa da gini inda katafila za ta iya zuwa ta baje.

Fuskantarwa kuma ya danganta. Gini da ke zaune bisa ƙasa a juya shi ya ba iska ƙunƙuntar fuskarsa, tsawonsa ya bi tafiyar iska. Wanda ke kan ƙafafu kuwa sau da yawa ana gicciye shi ne, don hanyar da iska za ta bi ƙarƙashi ta zama gajera ba ta gaji ta sauke kaya a tsakiya ba, haka anka jera Halley ta shida. Kuma kada ka sa wani gini cikin wutsiyar wani. Kwantena, mota, tarin ganguna, duk a kai su gefen da iska ke tafiya, nesa, a jere. Mutum ɗaya ya manta kwantena gaban gini kwana uku na guguwa ya jawo ma kowa aikin sati.

In aikin babba ne ana sassaƙa ƙaramin samfurin ginin a sa cikin akwatin gwajin iska ko magudanar ruwa da yashi mai laushi, a ga inda zai taru kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, yanzu kuma da kwamfuta ake haɗawa. 

Akwai kuma shinge. Masu bincike sun gano shingen da ya fi kama dusa shi ne mai huji rabi da rabi, da ɗan sarari a gindi kamar kashi 10 cikin 100 na tsayinsa, kuma tarin bayansa na miƙewa har sau 35 na tsayin shingen. Shinge mai mita 2 ke nan sai a ja shi baya aƙalla mita 70 daga abin da ake karewa, in ka matso da shi kusa kai da kanka ka zuba ma ginin. Darnin kara da manoma ke yi ya fi katangar bulo a wanga aiki nesa ba kusa ba, da shi anka yi wa makarantar can tun farko da ba a kai ga haka ba. Amma shinge na da amfani ne inda tarin zai narke a sake sabon lale, a Antatika shekara ɗaya ya cika ya nutse.

Mataki na biyar, harsashin kansa, in kan daskararriyar ƙasa ne. Injiniyoyin Rasha sun raba shi gida biyu, ko ka bar ta a daskare har ƙarshen rayuwar ginin, ko ka narkar da ita ka daddaƙe ko ka kwashe kafin ka fara. Na biyun na wurin da ƙanƙarar ba ta da kauri ne. Na farkon shi anka fi bi, kuma ga yadda ya ke.

Saman ƙasar akwai ɓawo da ke narkewa duk bazara ya sake daskarewa, kaurinsa daga ƙasa da rabin mita zuwa mita 2 ko 3 gwargwadon wuri. Wanga ɓawo ba a ɗora mai komai. Kuma kada ka kankare ciyawa da gansakukar da ke kai kamar yadda muke share fili mu ƙone kafin a ja igiya, ita ce bargon ƙasar. Ku tuna mai ƙanƙara a bakin kasuwa da azumi, yadda ya ke turbuɗe ta cikin garin katako ya lulluɓe da buhu, in ka yaye buhun kafin magariba sai ruwa. Don haka ma ake shiga da manyan motoci lokacin sanyi, sa'ilin da saman ya yi tauri taya ba ta yaga shi.

Sai a huda rami da ya ɗan fi filar faɗi, ya ratsa ɓawon ya shiga daskararren sosai. A zura fila, ta ƙarfe ko kankare ko katako, a cika gefen da kwaɓin yashi da ruwa, a jira ya daskare. Wannan daskarewar ita ce simintin, jikin filar ke manne da ƙasa ya ɗauki nauyi. Kada a yi gaggawar ɗora kaya, a duba ma'aunin zafi tukuna, wani wuri kwanaki wani wuri watanni. Zurfin kuma ba don nauyi kaɗai ba ne. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma wajen kashi 9 cikin 100, ga kuma ƙanƙara da ke zuƙo ruwa tana yin faifai-faifai cikin laka, sai ɓawon ya kumbura ya cafke wuyan filar ya ja ta sama, kaɗan bana kaɗan baɗi kamar ana cire haƙori. Maganinsa sashen da ke cikin daskararren ya ninka kaurin ɓawon aƙalla sau 2, wuyan kuma a shafe shi da giris a naɗe da leda ko a sa mai hannun riga na bututu don ɓawon ya riƙa zamewa. Haka birnin Yakutsk na Rasha ya ke, benaye manya tsaye kan filolin kankare kana hango wancan gefen ta ƙarƙashi.

Ƙaramin gida ba sai an huda ba. A zuba tsakuwa mai kauri mita 1 zuwa 2 bisa ciyawar, a sa allunan soso mai tauri masu hana zafi wucewa a ciki, a ɗora gidan kan faifan katako da jak mai zare wanda za a riƙa murɗawa in gefe ya sauka.

In kuma dole ƙasan ginin ya taɓa ƙasa, kamar garejin manyan motoci ko tanki, ko ƙasar na dab da narkewa, sai a kawo bututun zuƙe zafi. Bututu ne rufaffe da ɗan ruwan amoniya ko iskar kabon a ciki, gindinsa cikin ƙasa kansa a waje da fukafukai kamar lagireto. Da sanyi, iskar waje ta fi ƙasa sanyi, ruwan ya tafasa a gindi ya tashi ya huce a sama ya koma ruwa ya gangaro, kowane zagaye yana fitar da ɗumi daga ƙasa, ba wuta ba inji ba mai. Da bazara ya tsaya da kansa. Bututun man Alaska mai tsawon kusan kilomita 1,300 da ya fara aiki 1977 an sa ma ƙafafunsa irin waɗanga fiye da 120,000, layin dogon Tibet na ƙasar Sin na 2006 ma na da su jere a gefen hanya.

Ga inda maganar iska da ta ƙasa ke haɗuwa, kuma nan na fi so ɗalibai su kula. Dusa bargo ce. In ta taru ƙarƙashin gida ko jikinsa sai ta hana sanyin hunturunsu shiga ƙasa, ƙasar ta kwana da ɗuminta, shekara kaɗan fila ta fara sauka. Mai gida ya ga sarari ƙarƙashin gidansa ya ce bari in rufe da langa-langa in yi sito, shi ke nan ya kashe harsashin da hannunsa. In don karnuka da yara ne a sa raga. Bututun ruwa da na bahaya ma ba a turbuɗe su haka nan, a garin Inuvik na Kanada cikin dogon akwati mai rufi suke bi bisa ƙasa daga gida zuwa gida. Ruwan rufi a kai shi nesa, kududdufi kusa da fila wuta ne. A watan Mayu 2020 wani tankin mai a Norilsk ta Rasha ya rufta man dizal wajen tan 20,000 ya malala cikin koguna, an ambaci narkewar ƙasa, masu bincike kuma sunka nuna aibin gini da rashin kula.

Mataki na shida, in kan dusa zalla ne. Nan ba abin da za ka kafa wa fila ya tsaya. Ana tone dusar a niƙe ta da inji a baje hawa-hawa a daddaƙe kamar yadda muke yi wa cikon jar ƙasa kafin jaman fulo, a bar ta kwanaki ta kama jikinta. Sai a shimfiɗa faffaɗan faifai, sau da yawa na katako don ba ya kai zafi ƙasa kamar ƙarfe, a ɗora ƙafa kai. Nauyin da ke kan kowane murabba'in mita a rage shi ƙwarai, don dusa ba ta karyewa farat ɗaya, lotsawa ta ke a hankali kamar ka ɗora dutse kan tuwo mai ɗumi. Sauka dole ne, abin da ake gudu wata ƙafa ta riga wata. Saboda haka a raba nauyi daidai, tankin ruwa da janareto kada su taru gefe guda, kuma kowace ƙafa da abin daidaita ta.

Sannan ɗagawa. Neumayer III na kan ƙafafu 16 masu jak, duk shekara ana janye ƙafa sama a tura dusa ƙarƙashinta a daddaƙe a sauke ta, a bi sauran haka, in an gama zagaye sai a ɗaga tashar gaba ɗaya wajen mita 1, gini mai nauyin fiye da tan 2,000. Wanda ya taɓa canza taya ya san dabarar, girman ne ya bambanta. Ma'anarsa tun a takarda matakala da wayoyi da bututai duk su zama masu ƙaruwa, in ba haka ba ranar ɗagawa sai an yanke komai.

Ƙananan abubuwa da ke kashe mutane in an manta. Ƙofa ta buɗe ciki, don in dusa ta toshe ta waje ba ka iya turawa. A sa ta a gefen da iska ke sharewa, kada a sa a baya inda wutsiya ke kwanciya. A bar ƙofar gudu ta rufi. Bututun hayaƙin janareto da na murhu su yi tsawo, in sunka toshe hayaƙin nan marar wari ke komowa ɗaki, irin wanda ke kashe masu kwana da gawayi a rufe lokacin hunturu. Ƙarfe ma a zaɓi mai jure sanyi, na kasuwa in sanyi ya yi tsanani tsinkewa ya ke kamar gilas, a tashar Vostok ta Rasha an auna digiri 89.2 ƙasa da sifili a 1983. Zuba kankare a wurin wahala ne, ruwan zai daskare kafin siminti ya kama, don haka a ƙera komai a gida a gwada haɗawa a kwance a loda jirgin ruwa, ɗakunan Halley ta shida a Afirka ta Kudu anka ƙera sassansu. Lokacin aiki kuwa wajen wata 3 ne, Disamba zuwa Fabrairu, ƙusa ɗaya ta ɓace babu shagon da za ka aika lebura.

Na ƙarshe, awo da ranar tashi. A kafa alama kan kowace ƙafa a riƙa ɗaukar lebur aƙalla sau ɗaya a shekara, a karanta ma'aunan zafin ƙasa, a kafa sanduna masu lamba kewaye don ganin yadda tari ke hawa, a rubuta a littafi guda wanda mai zuwa zai gada. Kuma a Antatika yarjejeniyar kare muhalli ta Madrid ta 1991 ta sa ba ka barin tarkacenka, saboda haka a ɗaure da noti maimakon walda inda zai yiwu. Ƙubbar ƙarfen da Amurka ta gina 1975 a ƙurewar kudu, da dusa ta ci ƙarfinta, kwance ta anka yi ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2009 da 2010 anka kwashe.

Yaron ya cika shafi huɗu, ya tambaye ni ko ya sa hoton rumbun cikin aikin nasa ko malam zai ce wasa ne. Na ce sa, ka auna tsayin duwatsun da tef ka rubuta ƙasan hoton. Ya dawo ya ce santimita 40 ne, kuma kaza ta tsattsage shi a hannu.